RIƘON TARO A RANAR GARDAMA

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki a kusa, sai ya buɗe Ayyukan Manzanni sura 15. Lokaci ba zai bar mu mu karanta surar duka ba, amma muna roƙo bayan shirin nan maigida ya sa a karanta daga aya 1 zuwa 35 a kunnen kowa.

Tambayarmu ta yau ita ce: idan gardama mai zafi ta tashi a cikin taro, me wanda yake riƙe da taron zai yi? Kada wani ya ce wannan maganar fastoci ce kawai. Shugabar zumuntar mata tana riƙon taro. Shugaban matasa da na ƙungiyar mawaƙa suna riƙon taro. Haka kuma wanda aka zaɓa ya shugabanci ƙungiyar 'yan garinsu a birni, da babban wa wanda dangi suka taru a gidansa kan maganar gona ko gado. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Duk inda mutane suke zama tare, ranar gardama tana zuwa, kuma a ranar nan idon kowa yana kan mai riƙe da taro.

Bari mu fara da kuskuren da mu kanmu muka yi. Ba da daɗewa ba bayan mun fito daga makarantar Littafi Mai Tsarki, aka tura mu wata ƙaramar ikilisiya. Mutanen garin suna da yarensu. Akwai kuma baƙi daga ƙabilu dabam dabam, malaman makaranta da ma'aikata da 'yan kasuwa, waɗanda Hausa ce ta haɗa su da kowa. Wata Lahadi bayan sujada, muna cikin taron ikilisiya, sai wata tsohuwa ta miƙe ta ce, "Malam, shekara da shekaru ina zuwa ɗakin nan, amma rabin wa'azi nake ji. A yi mana da yarenmu mana." Kafin ta zauna wani daga cikin baƙin ya ce, "To, Mama, idan haka ne sai mu tashi mu bar muku ɗakinku." Nan da nan muryoyi suka hau sama. Tsoro ya kama mu. Muka ta da waƙa, muka yi addu'a, muka rufe taro, muka kuma ce daga ranar kada wani ya sake ta da wannan magana. Muka koma gida muna tsammani mun kawo salama.

Ashe maganar ba ta mutu ba, wuri ta sake. Ta koma bakin rijiya, ta koma kasuwa, ta koma gona. Kowa yana faɗa wa nasa abin da ba a bar shi ya faɗa a gaban jama'a ba, yana kuma ƙara gishiri. Kafin kaka ta zo, zumuntar mata ta rabu biyu, waɗansu gidaje kuma sun daina zuwa sujada. Wani dattijo ya same mu da dare ya ce, "Malam, tukunya tana tafasa ka ɗora mata murfi, ka bar wuta a ƙarƙashinta." Ba mu manta da maganar nan ba har yau. Za mu faɗa muku yadda abin ya ƙare, amma bari mu duba Maganar Allah tukuna.

Wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Kristi, ikilisiyar farko ta shiga gardamar da ta fi tamu nauyi ƙwarai. A birnin Antakiya, wanda yau yake cikin ƙasar Turkiyya, Yahudawa da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, suna sujada tare. A can ne aka fara kiran almajirai Kirista. Sai waɗansu mutane suka zo daga Yahudiya suna koyarwa cewa wanda ba a yi masa kaciya bisa ga al'adar Musa ba, ba shi da ceto. Bulus da Barnaba suka ƙi yarda, gardama ta yi tsanani.

Kada mu yi saurin cewa mutanen nan mugaye ne ko marasa hankali. Kaciya ita ce alamar alkawarin da Allah ya yi da Ibrahim, kamar yadda yake a Farawa sura 17. Wajen shekara 167 kafin haihuwar Kristi, wani sarkin Suriya mai suna Antiyokas ya hana Yahudawa yin kaciya, aka kuma kashe iyaye mata da suka yi wa 'ya'yansu. Abin da kakanninsu suka mutu a kansa, shi ne suke gani ana so a ajiye. A ɗaya gefen kuma, ga al'ummai da suka bar gumakansu suka bi Yesu, yanzu ana ce musu bangaskiyarsu ba ta isa ba. Kowane gefe yana da abin da yake jin tsoron rasawa. Mai riƙe da taro wanda bai gane abin da kowane gefe yake tsoron rasawa ba, bai riga ya fahimci gardamar ba.

To, yaya aka yi? Za mu ga abubuwa biyar.

Na fari, sun kai maganar inda za a iya yanke ta. Ikilisiyar Antakiya ba ta hana maganar ba, ba ta kuma bar ta tana yawo gida gida ba. Ta zaɓi Bulus da Barnaba da waɗansu, ta aike su Urushalima wurin manzanni da dattawa. Tafiya ce ta fiye da kilomita 450, ta cikin Finikiya da Samariya, a zamanin da ba mota. Sun ga gara wahalar hanya da tsagewar ikilisiya. Mu ma, idan magana mai zafi ta taso a ƙarshen taro, mutane sun gaji, yunwa ta kama su, ba laifi ba ne a ɗaga ta. Amma a sa mata rana a gaban kowa, a faɗi waɗanda za su zauna, a kuma cika alkawari. Ɗaga magana da binne magana ba ɗaya ba ne, jama'a kuwa sun san bambancin.

Na biyu, an bar mutane sun yi magana. A aya 5 masu bi daga ƙungiyar Farisiyawa suka miƙe suka faɗi ra'ayinsu a fili. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya ta da waƙa a kansu. Aya 7 ta nuna mana an yi muhawara mai tsawo kafin Bitrus ya buɗe baki. Ku lura, manyan ba su ne suka fara magana ba. Idan shugaba ya fara faɗin ra'ayinsa, masu jin kunyarsa za su yi shiru, masu jin haushinsa kuma za su ɗauka an riga an gama shawara a ɗaki. Babba juji ne. Sai ya haƙura ya ji har abin da ba ya so ya ji.

Amma barin mutane su yi magana yana bukatar tsari. A 1 Korantiyawa sura 14 Bulus ya shimfiɗa wa ikilisiyar Koranti ƙa'ida domin sujadarsu: masu magana su zama biyu ko uku, ɗaya bayan ɗaya, sauran su auna abin da aka faɗa, wanda kuma zai yi magana da wani harshe, sai in akwai mai fassara. Hikimar nan tana da amfani a kowane taro. Kafin a fara, shugaba ya faɗi ƙa'ida kowa ya ji: mutum ɗaya a lokaci ɗaya, kowa ya fuskanci shugaba ba abokin gardamarsa ba, wanda ya yi magana sau ɗaya ya jira waɗanda ba su yi ba. A yi magana a kan batun, kada a taɓa ƙabilar wani, ko iyayensa, ko laifin da ya tuba a kansa tun tuni. Ƙa'idar da aka faɗa tun ana sanyi, ita ce take da ƙarfi sa'ad da aka yi zafi. Kuma ta hau kan kowa, mai kuɗi da talaka, ɗan gari da baƙo, har da ƙanin shugaban kansa.

Akwai kuma maganar harshe, wadda mu da muke da yarurruka da yawa muka san ta sosai. Tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, harshen nan ya haɗa Berom da Ngas, Tangale da Bachama, Bajju da Gbagyi da sauransu a ɗakin sujada ɗaya. Mun gode wa Allah. Duk da haka, a cikin taro wanda Hausarsa ko Turancinsa ya fi kaifi yakan rinjayi wanda ya fi shi gaskiya. Tsohuwa tana da magana a ciki, amma tana tsoron a yi mata dariya. Shugaba mai hikima zai ce, "Mama, ki faɗa da yarenki, za a fassara." A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana manta da gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kowace rana. Manzanni ba su ce musu gunaguni zunubi ne su yi shiru ba. Sun tara almajirai, aka zaɓi mutum 7 domin aikin, dukansu kuwa sunayen Helenawa gare su, Istifanas da Filibus suna cikinsu.

Na uku, an komo da maganar daga zafin rai zuwa ga shaida. Da Bitrus ya miƙe, bai zagi kowa ba. Ya tuna musu abin da suka riga suka sani, wato yadda Allah ya ba mutanen gidan Karniliyas Ruhu Mai Tsarki ba tare da kaciya ba, labarin da yake a sura 10. Ya kuma tambaye su don me za a ɗora wa waɗansu kayan da su kansu da kakanninsu suka kasa ɗauka. Aya 12 ta nuna mana taron duka ya yi tsit, aka saurari Barnaba da Bulus suna ba da labarin abin da Allah ya yi a cikin al'ummai. Shirun nan ba tsawa ce ta kawo shi ba, shaida ce. Saboda haka idan wani ya miƙe ya ce, "An ce an ci kuɗin gini," shugaba ya tambaye shi cikin natsuwa, "Wa ya ce? Ka gani da idonka?" Sa'an nan a kira ma'aji ya kawo littafin kuɗi a karanta. Gani ya kori ji. Gardama da yawa a cikinmu da "an ce" suke rayuwa, ranar da aka nemi shaida sai su mutu.

Ku gwada wannan taro da wani taron a sura 19, a birnin Afisa. Can jama'a suka cika dandalin wasa na birnin, wanda yake ɗaukar mutum fiye da 20,000, suna ihu wajen sa'a 2, yawancinsu kuwa ba su ma san abin da ya tara su ba. Magatakardan gari ne ya kwantar da su. Ya ce wanda yake da ƙara ya kai ta gaban shari'a, sauran magana kuma a kawo ta taron da doka ta tsara, sa'an nan ya sallame su. Mutumin nan ba mai bi ba ne, amma ya san taron da ya zama ihu ba ya yanke komai. Idan namu ya kai haka, shugaba ya tsai da shi, a sha iska, a dawo ranar da aka sa.

Na huɗu, an yanke shawara. Bayan kowa ya gama, Yakubu ɗan'uwan Ubangiji ya yi magana. Ya maimaita abin da Bitrus ya faɗa, ya auna shi da littafin annabi Amos sura 9, sa'an nan ya ce a ganinsa kada a wahalar da al'ummai masu juyowa ga Allah. Yakubu shi ne babba a ikilisiyar Urushalima, inda masu riƙon Shari'ar Musa suke da yawa. Wato ya yanke abin da bai yi wa waɗansu na kusa da shi daɗi ba. Wannan shi ne gwajin mai riƙe da taro. Gyara wa baƙo yana da sauƙi. Ranar da ɗan yarenka, ko surukinka, ko wanda ya saya wa ikilisiya kwanon rufi ya kauce, za ka iya ce masa ya zauna?

Ku lura kuma da yadda aka yanke. A kan ceto ba a raba biyu ba: ta wurin alherin Ubangiji Yesu ne ake samun ceto, ba a ƙara komai a kai. Amma aka roƙi al'ummai su guji abu 4: abin da aka miƙa wa gumaka, da fasikanci, da naman abin da aka maƙure, da jini. Ta haka Bayahude mai bi zai iya zama ya ci abinci tare da ɗan'uwansa ba tare da lamirinsa ya dame shi ba. Ba a bar wani gefe ya fita da kunya ba. Ya kamata mu koyi rarrabe abin da yake tushen bangaskiya da abin da yake na al'ada da saba. Yawancin abin da yake raba mu, irin su lokacin sujada, kalar yadin zumunta, ganga ko jita, wa zai zauna a gaba, ba tushe ba ne. Romawa sura 14 tana koya mana mu ɗauki juna a kan irin waɗannan.

Na biyar, an rubuta abin da aka yanke, aka kuma aike shi ta hannun amintattu. Wasiƙar ta tafi Antakiya da Suriya da Kilikiya. A cikinta manzanni da dattawa suka yarda a fili cewa waɗanda suka ta da hankalin jama'a daga cikinsu suka fito, ko da yake ba su aike su ba. Ba su ɓoye ba. Kuma ba Bulus da Barnaba kaɗai aka ba wasiƙar ba, gama su ɓangare ne a gardamar, wani zai iya cewa sun juya magana a hanya. Aka haɗa su da Yahuza da ake kira Barsaba, da Sila, su tabbatar da baki. Da aka tara jama'a aka karanta, suka yi murna. Mu ma, kafin a tashi, magatakarda ya karanta abin da aka yanke kowa ya ji, a fassara wa wanda bai ji ba. In ba haka ba, kafin a kai gida shawara ɗaya ta zama biyar.

Wani zai tambaya, to, wanda ya ƙi bin tsari fa, wanda kowane taro sai ya kunna wuta? Maganar Allah ba ta ce a bar shi ya tarwatsa jama'a ba. A Titus sura 3, Bulus ya ce a gargaɗi mai kawo tsattsaguwa sau ɗaya, a sake gargaɗinsa, in ya ƙi sai a rabu da shi. Matiyu sura 18 kuma ta nuna mana matakai: a same shi shi kaɗai, sa'an nan da mutum ɗaya ko biyu, daga baya a gaban ikilisiya. Amma mu yi hankali, 'yan'uwa. Mai yin tambayar da ba mu so ba shi ne mai tsattsaguwa ba. Akwai shugabannin da suke kiran duk wanda ya tambayi lissafin kuɗi ɗan tawaye. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Horo kuma domin a maido da mutum ne, ba domin shugaba ya huce haushinsa ba.

Kada kuma mu yi tsammani kowace gardama za ta ƙare da kowa ya yarda. A ƙarshen surar nan ta 15, Bulus da Barnaba, waɗanda suka tsaya gefe ɗaya a Urushalima, sun saɓa ƙwarai a kan Yahaya Markus har suka rabu. Barnaba ya ɗauki Markus zuwa Kubrus, Bulus ya ɗauki Sila. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Amma daga baya, a 2 Timoti sura 4, Bulus ya aika a kawo masa Markus domin yana da amfani a gare shi. Ko da za a rabu, a rabu yadda za a iya gaisawa gobe. Magana zarar bunu ce, kada a faɗi abin da zai toshe hanyar komowa.

Yanzu bari mu koma ga ikilisiyar nan da muka faɗa muku. Da abin ya fi ƙarfinmu, muka kai kuka wurin wani tsohon fasto a gundumarmu. Ya zo ya sa rana, ya ce kowa ya zo, har waɗanda suka daina zuwa. Kafin a fara, muka miƙe muka roƙi gafarar jama'a saboda mun rufe musu baki. Tsohon ya zauna tun bayan sujada har rana ta yi sanyi, bai faɗi ra'ayinsa ba. Tsohuwar nan ta yi magana da yarenta, aka fassara. Ashe ba korar baƙi take so ba, so take ta ji Maganar Allah sosai kafin ta mutu. Baƙon nan kuma ya ce an taɓa nuna masa a wani gari cewa shi bare ne, shi ya sa maganar ta soke shi. Aka shirya a riƙa karanta nassi da harsuna biyu, a yi wa'azi da Hausa tare da mai fassara, waƙoƙi kuma a gauraya. Aka rubuta, aka karanta. Yawancin mutane suka komo. Amma gida biyu ba su komo ba har muka bar garin, wannan kuwa yana damunmu har yanzu. Da mun saurara tun ranar farko, da watakila ba mu rasa su ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kai da aka ba riƙon taro, ko babba ne ko ƙarami, akwai maganar da ka ɗora wa murfi a gidanka ko a zumuntarku? Akwai wanda bai taɓa buɗe baki a taronku ba saboda harshe, ko talauci, ko don ita gwauruwa ce? A makon nan ka je ka same shi, ka ji ta bakinsa. Ku kuma da kuke zaune a cikin taro, ku taimaki shugabanku. Ku faɗi gaskiyarku a gaban jama'a cikin ladabi, kada ku yi shiru a ɗaki ku je ku buɗe baki a kasuwa.

Bari mu yi addu'a. Ya Allah Ubanmu, mun gode maka domin ka tara mu daga harsuna da kabilu da yawa ka mai da mu iyali ɗaya cikin Ɗanka. Ka gafarta mana inda muka rufe bakin waɗansu saboda tsoro, da inda muka hura wuta da harshenmu. Ka ba shugabanninmu kunnen ji, da haƙuri, da ƙarfin hali su yanke gaskiya ba tare da tara ba. Ka komo da waɗanda suka bar zumunci saboda gardama. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Jama'a, a nan za mu dakata. Kada ku manta da karatun Ayyukan Manzanni sura 15 tare da iyalinku. Sai Allah ya kai mu mako mai zuwa a daidai wannan lokaci. Salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Ku huta lafiya.